Matambayi Ba Ya Ɓata: Tarihin Hira da Masu Bincike a Ƙasarmu

Wanda ya saurara a rediyo, ga maganar a rubuce don ya bi ta sannu-sannu. Wanda bai samu saurare ba, ga ta ta iske shi har gida.

Yau maganarmu a kan masu bincike take. Mai bincike shi ne mutumin da aikinsa neman dalilin abu. In ya ga abu, ba ya tsayawa ga cewa haka muka tarar. Sai ya yi tambaya, ya auna, ya gwada, ya rubuta abin da ya samu.

Kalmomi uku za su riƙa dawowa cikin wannan magana. Ta farko lissafi, wato ilimin ƙirga da awo. Ta biyu kimiyya, wato sanin yadda abubuwa suke aiki, kamar rana da ruwa da iska, ta hanyar gwaji. Ta uku falsafa, wato zurfin tunani a kan manyan tambayoyi: mene ne gaskiya, mene ne adalci, ta yaya mutum zai tabbata da abin da ya sani.

Mutane da yawa suna zaton abubuwan nan uku na Turawa ne, ko na waɗanda suka shiga lakwal tun suna yara. Wannan zato yana da illa. Wanda ya ɗauka ilimi ba na gidansu ba ne, in malamin gona ya zo, ko likita, sai ya sunkuyar da kai ya ce to. Baƙo ya tafi, shi kuwa bai ƙaru da komai ba. Tarihi ya nuna mutanen ƙasashenmu sun daɗe suna zama da masana na nesa, ana tambaya ana amsawa, kowa yana ƙaruwa. Za mu bi sawunsu daga Katsina zuwa Sakkwato, mu haye kogin Isa a Sayi, mu sauka Yamai.

MALAMIN KATSINA A MISIRA

Shekara kusan 300 da suka wuce an yi wani malami a Katsina. Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace ne. Larabawa suna kiran sa al-Kashinawi, wato Bakatsine. Ya yi karatun lissafi da na taurari a nan ƙasashenmu. Wajen shekarar 1730 ya tafi aikin haji. Bayan haji ya zauna birnin Alƙahira.

A can ya sauka gidan Shehu Hasan al-Jabarti, wani babban malami da ya shahara da lissafi da ilimin taurari. Mai gida ya zauna gaban baƙonsa ya ɗauki karatu. A gidan nan Bakatsine ya rasu cikin 1741. Daga baya ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, ya zama babban marubucin tarihin Misira, ya sa labarin malamin Katsina cikin littafinsa. Shi ya sa sunansa bai ɓace ba.

Wajen 1732 malamin nan ya rubuta littafi a kan hatimi. Kun san hatimi, zanen nan mai gidaje da malamai suke sa lambobi a ciki. Malamai suna da nasu amfani da shi. Mu abin da ya dame mu yau shi ne lissafin da ke cikinsa. Ku ɗauki alli ko alƙalami, ku zana gida tara, uku-uku, ku rubuta haka:

4   9   2
3   5   7
8   1   6

To, ku tara layin sama: 4 da 9 da 2, an samu 15. Ku tara na tsakiya, 15. Na ƙasa, 15. Ku tara daga sama zuwa ƙasa, kowane layi 15. Ku bi ta karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 ne har yanzu.

Mai kallo zai ce abin mamaki. Mai bincike zai ce, don me 15? Ga dalili. In ka tara lambobi daga 1 har 9 za ka samu 45. Layi uku ne, kuma ana son su zo daidai. Raba 45 gida uku, kowane ya samu 15. To don me 5 take tsakiya? Ku duba: 1 da 9 goma ne, 2 da 8 goma, 3 da 7 goma, 4 da 6 goma. Lamba 5 kaɗai ba ta da abokiya. Sai ta zauna tsakiya, abokai biyu-biyu su sa ta a tsaka, goma da biyar su ba da 15.

Malamin Katsina ya bayyana hanyoyin cika irin wannan hatimi mai layi 3, ko 5, ko 7, da sauran waɗanda ba su rabuwa biyu daidai. Masu nazarin tarihin lissafi a duniya suna ambaton sunansa saboda wannan aiki.

SARKIN MUSULMI DA BAƘON INGILA

A watan Maris na 1824 wani Bature ya iso Sakkwato. Sunansa Kilafaton, hafsan jiragen ruwa ne, gwamnatin Ingila ta aiko shi. Mutane suna kiran sa Abdullahi. Sarkin Musulmi a lokacin shi ne Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Bello malami ne. Ya rubuta tarihi, ya rubuta shari'a, har da littattafai a kan magani.

Baƙon ya rubuta labarin zamansu. Ya ce ya nuna wa Sarki taswirar sama, sai ya tarar Sarki ya san buruji goma sha biyu duka, ya san taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Sarki ya nemi a nuna masa abin da matafiya suke auna tsayin rana da shi don su san inda suke a bisa ƙasa. Shi kuma baƙon ya yi tambaya a kan kogin Isa, wanda ake kuma kira Kwara, domin a lokacin Turawa ba su san inda yake faɗawa teku ba. Sarki ya zana masa hanyar kogin.

Cikin 1826 Kilafaton ya komo Sakkwato da tsaraba. A ciki akwai littafin lissafi na Uƙlidis, da Larabci. Wata safiya ya shiga wurin Sarki, ya tarar da littafin a gabansa. Sarki ya gaya masa ai da ma gidansu suna da irinsa, wani ɗan'uwansu ya sawo shi a Makka, gobara ta cinye shi bara. Kun ji, jama'a. Littafin da aka ɗauko daga Ingila a matsayin sabon abu, ya riga ya iso Sakkwato ta hanyar alhazai.

Wane ne Uƙlidis? Malami ne da ya zauna birnin Iskandariya na Misira, shekara kamar 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Littafinsa a kan awon layi da kusurwa da fili yake. Ga misali ɗaya da magina suke aiki da shi. Kana son kusurwar ɗaki ta tsaya daidai. Daga kusurwar, auna kamu 3 a bango ɗaya ka sa alama. Auna kamu 4 a ɗaya bangon ka sa alama. Ja igiya tsakanin alamun nan biyu. In ta ba ka kamu 5, kusurwa ta yi. In ta fi haka ko ta kasa, ginin ya karkace. Lissafin kuwa shi ne: 3 sau 3 tara, 4 sau 4 sha shida, a haɗa 25, wato 5 sau 5. Darajar Uƙlidis ita ce ba ya cewa ka yarda don shi ya faɗa. Yana kawo hujja daki-daki har ka gani da kanka.

Amma zuwan nan na biyu bai yi armashi ba. Sakkwato tana rikici da Barno, baƙon kuwa yana ɗauke da wasiƙa da kaya zuwa ga Shehun Barno. Sarki ya hana shi wucewa. Ciwo ya kama shi, ya rasu a Sakkwato cikin Afrilu 1827. Mu lura da wannan. Matafiyan nan gwamnatocinsu ne suka aiko su don sanin hanyoyi da kasuwanni. Bayansu sojoji suka biyo, har Ingila ta ci Sakkwato a 1903. Saboda haka mai hira da mai bincike yana da haƙƙin ya tambaye shi: wa ya aiko ka, me za a yi da amsar da na ba ka?

ABDULKARIM, FAKI SAMBO DA ƊAN TAFA

Bayan shekara ashirin da ƴan kai wani matafiyi ya biyo. Sunansa Bart, Bajamushe ne, amma Ingila yake yi wa aiki. Ya iya Larabci, ya koyi Hausa, ya sa wa kansa suna Abdulkarim. Ya shiga Agadas cikin Oktoba 1850, ya sauka Tasawa cikin Janairu 1851, ya zauna Damagaram a ƙarshen 1852.

Cikin 1852 ɗin ya je Masanya, birnin Bagarmi, a ƙasar Cadi ta yau. A can ya gamu da wani dattijo Bafillace, makaho, ana ce masa Faki Sambo. Dattijon ya yi shekaru yana karatu a masallacin Azhar na Misira. Ya karanta Aristo da Aflatun da Larabci, har yana da rubutunsu a gidansa. Suka riƙa zama suna hira a kan tarihi da taurari da ƙasashen duniya. Bart ya rubuta cewa bai yi tsammanin samun mutum irin wannan a wurin ba.

Su wane ne Aristo da Aflatun? Masu falsafa ne na ƙasar Girka, sun rayu kafin Uƙlidis da kaɗan. Aristo almajirin Aflatun ne, Aflatun kuma almajirin Suƙrat. Suƙrat bai rubuta littafi ba. Yakan tsaya da mutane a kasuwa yana yi musu tambaya. In mutum ya ce wane adali ne, sai ya ce, to mene ne adalci? Mutum ya ba da amsa, shi kuma ya kawo misalin da amsar ba ta ɗauka ba, a sake tunani. Aflatun ya rubuta yawancin littattafansa kamar hira, wannan ya ce, wancan ya ce. Ashe falsafa kanta da hira ta girma. Shekara fiye da 1000 da suka wuce aka juya irin waɗannan littattafai zuwa Larabci a Bagadaza. Daga can ayari da alhazai suka kawo wasunsu ƙasashenmu.

Cikin 1853 Bart ya iso ƙasar Sakkwato, ya sadu da Abdulƙadir ɗan Mustafa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa. An haife shi a 1804, ya rasu a 1864. Mahaifiyarsa Hadiza ɗiyar Shehu Usmanu ce, malama. Ɗan Tafa ya zauna Salame yana karantarwa. Ya rubuta tarihin ƙasar Hausa, ya kuma yi rubutu a kan falsafa da asalin halitta. Bart ya shaida shi ne mafi ilimi cikin mutanen Sakkwato na zamaninsa, ya kuma ƙaru da shi a kan tarihin daular Songai.

Ba malamai kaɗai Bart ya ƙaru da su ba. Akwai wani yaro Bahaushe, Dorugu, ɗan ƙauyen Dambanas kusa da Kance, ƙasar Damagaram. An kama shi bauta yana ƙarami, aka fanshe shi, ya shiga yi wa Bart aiki. A 1855 ya bi shi Ingila. A can wani mai nazarin harsuna, Shon, ya zauna da shi yana tambaya yana rubutawa. Dorugu ya ba da labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, duk da Hausa. Aka buga su a 1885 cikin littafi mai suna Magana Hausa, ɗaya daga cikin littattafan Hausa na farko da baƙaƙen boko. Dorugu ya komo gida, ya yi malanta a Kano, ya rasu a 1912. Ɗan talaka ne daga karkara, amma bakinsa ya zama makaranta ga masana.

A watan Yuni na 1853 Bart ya haye kogi a Sayi, ya nufi Tumbutu. A lokacin Yamai ba ta zama birni ba. Sai a 1926 Faransawa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram suka maido shi Yamai.

BUBU HAMA DA DATTAWA

An haifi Bubu Hama a 1906 a ƙauyen Foneko, ƙasar Tera. Ya yi karatu har makarantar Wiliyam Ponti ta Senigal. A 1929 ya fito malamin makaranta, shi ne ɗan Nijar na farko da ya fito daga can da wannan matsayi.

A 1944 aka buɗe wani ofishin bincike a Yamai, reshen wata cibiya ta Faransawa da ke Dakar, mai suna IFAN. Bubu Hama ya riƙe ofishin nan kafin ƙasa ta samu mulkin kai. Bayan samun mulkin kai a 1960 ya ci gaba da shugabancin Majalisar Dokoki har 1974. Duk da nauyin mulki, bai bar bincike ba. Yakan zauna da dattawa, da malamai, da maroƙa masu riƙe da sunayen sarakuna. Ya tambaya, su ba da labari, a rubuta. Da haka ya rubuta littattafai masu yawa, cikinsu akwai tarihin Gobir da Sakkwato, wanda ya fito a 1967. Ya sa hannu wajen kafa gidan tarihi na ƙasa a 1959, wanda yanzu yake ɗauke da sunansa.

Ya kuma sa aka tattara tsofaffin takardu rubutun hannu daga garuruwan Nijar da na maƙwabta. Wasu da Larabci suke, wasu da ajami, cikin Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da sauransu. An adana su a cibiyar bincike ta IRSH a Yamai, sun kai kimanin 4000. A cikinsu akwai addini, da tarihi, da magani, da ilimin taurari. Da an bar su cikin gafaka a kusurwar ɗaki, da gara da ruwan sama sun gama da da yawansu, kamar yadda gobara ta ci littafin gidan Sarkin Musulmi.

A 1968, da taimakon hukumar UNESCO, aka kafa wata cibiya a Yamai don tattara tarihin baka. A 1974 ta koma hannun Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka, aka sa mata suna CELHTO. Julde Laya ya shugabance ta daga 1977 zuwa 1997. Ga yadda masu wannan aiki suke yi. Su je ƙauye da akwatin ɗaukar magana. Su ɗauki maganar dattijo yadda ya faɗe ta. Su rubuta ta cikin harshensa. Sa'an nan su je wurin wani dattijo a wani gari, su ji nasa. Inda bakinsu ya zo ɗaya, a ƙara yarda. Inda suka saɓa, a ci gaba da nema. Ba raina dattijo ba ne. Ko a gaban alƙali, shaida biyu ta fi shaida ɗaya.

Babbar tambayar Bubu Hama ta falsafa ce: ta yaya za mu ɗauki ilimin zamani ba tare da mun yar da hikimar iyayenmu ba? Ita ya riƙa juyawa cikin littafinsa Kotiya-Nima, wanda ya ci babbar kyautar adabi ta Afirka a 1971. Ya rasu a Yamai cikin Janairu 1982.

ABDU MUMUNI DA RANA

An haifi Abdu Mumuni Joffo a Tasawa ran 26 ga Yuni 1929. Ya yi makaranta a Damagaram da Yamai, ya wuce Wiliyam Ponti, ya wuce Dakar, ya wuce birnin Faris na Faransa. Abin da ya karanta shi ne fizik, wato ilimin haske da zafi da motsi. A 1956 ya ci wata jarrabawar malanta mai wuyar gaske da ake kira agregasiyo. Shi ne na farko cikin ƴan Afirka na ƙasashen da Faransa ta mallaka da ya ci ta a wannan fanni. Ya koyar a Dakar, da Konakiri, da Yamai. Daga 1962 zuwa 1964 ya yi bincike a kan ƙarfin rana a Tarayyar Sobiyat. Daga nan ya kafa ɗakin gwaji a Bamako. A 1969 ya komo gida ya riƙi ofishin ƙarfin rana na ƙasa, ONERSOL, har 1985.

Tambayarsa mai sauƙi ce. Ƙasarmu itace yana ƙaranci, rana kuwa ta yi yawa. Yaya za a sa rana aiki? Farin da aka yi daga 1968 zuwa 1974 ya ƙara wa tambayar nauyi, domin dabbobi sun mutu, itatuwa sun bushe, mata suna ƙara nisa wajen neman itacen girki.

Bari mu yi wa kimiyya tambayoyin da kowa zai iya yi, mu ji amsarta.

Ƙarfin rana nawa ne? Nisan rana daga nan kilomita miliyan 150 ne. Haskenta yana isowa cikin minti 8 da ƴan daƙiƙu. Da tsakar rana, in sama ta yi garau, fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya yana samun ƙarfi kamar wat 1000, wato daidai da abin da dutsen guga na lantarki yake ci.

Yaya ake kama zafin? Kowa ya san baƙar riga ta fi fara zafi da rana. Baƙi yana shan haske, fari yana mayar da shi. Sai a yi akwati, a shafa baƙin fenti a cikinsa, a jera bututun ruwa, a rufe da gilashi. Haske ya ratsa gilashi, baƙin ƙarfe ya ɗauki zafi, gilashi ya hana zafin gudu. Ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi, saboda haka da kansa yake hawa tanki a sama, na sanyi ya sauko ya maye gurbinsa. Ba a bukatar famfo, ba a bukatar itace.

Rana tana dafa abinci? Tana dafawa. A yi faranti mai zurfi kamar ƙwarya, mai ƙyalli kamar madubi. Duk hasken da ya faɗo a kansa sai ya taru wuri ɗaya. A nan ake aza tukunya.

Tana tace ruwa? Tana tacewa. A zuba ruwa mai gishiri ko kanwa cikin baƙin kwano mai faɗi, a rufe da gilashi a karkace. Ruwa ya zama tururi, ya bar gishiri a ƙasa. Tururi ya taɓa gilashi ya koma ruwa, ya gangara cikin wani mazubi.

Irin waɗannan kaya ONERSOL ta ƙera a Yamai. An kafa tankunan ruwan zafi a gidaje da ma'aikatu. Murhun rana kuwa bai bazu cikin jama'a ba. Matan da ke girki sun san dalili. Tuwon dare bayan la'asar ake yin sa, lokacin da rana ta yi sanyi. Mai tuƙa tuwo ba ta son tsayuwa cikin rana. Ga kuma tsada. Wannan ya nuna lissafin mai bincike ba ya cika sai ya zauna da mai girki ya ji nata.

Abdu Mumuni bai tsaya ga rana kaɗai ba. A 1964 ya fitar da littafi a kan ilimi a Afirka. A ciki ya nuna yaro ya fi fahimta in an koya masa da harshen da ya sha a nono, kuma harsunanmu za su iya ɗaukar lissafi da kimiyya. A 1966 masana suka taru a Bamako suka daidaita baƙaƙen rubuta Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci, da Barbarci, da Buzanci.

An kafa tushen jami'ar Yamai a 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973. A 1979 aka naɗa Abdu Mumuni shugabanta. Ya rasu a Yamai ran 7 ga Afrilu 1991. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa. Abin da ya hango ya soma tabbata ta hanyar allunan sola, masu mayar da hasken rana wutar lantarki. A 2018 aka buɗe tashar sola mai megawat 7 a Malbaza. A 2023 aka gama wata mai megawat 30 a Gorubanda, kusa da Yamai.

IN MAI BINCIKE YA ZO GARINKU

Jama'a, mun ga malamin Misira ya zauna gaban Bakatsine. Mun ga Sarki da baƙo kowa yana tambayar ɗan'uwansa. Mun ga yaron Dambanas ya koya wa masani Hausa. Har yau masu bincike suna shiga ƙauyukanmu, wasu a kan iri, wasu a kan ruwa, wasu a kan cuta, wasu a kan tarihi. Ga abu huɗu da za ku riƙe.

Na ɗaya, ku tambaye shi sunansa, da wanda ya aiko shi, da abin da za a yi da maganarku. Ku rubuta a takarda.

Na biyu, in ya faɗi abin da ba ku gane ba, ku ce ya sake, ya kawo misali. Wanda ya san abu da gaske yana iya faɗinsa da sauƙi.

Na uku, ku nemi hujja. In an ce wannan iri ya fi naku, ku shuka kowane a kunya dabam, ku auna damman da kowane ya bayar, ku rubuta.

Na huɗu, kada ku raina abin da kuka sani. Manomi ya san ƙasarsa, makiyayi ya san ciyawa da taurari, ungozoma ta san haihuwa. Kuma kada ku jira baƙo. Ku zauna da dattawan gidanku, ku tambaye su asalin garin, da sunayen shekarun yunwa, da itatuwan da suka ɓace. Ku rubuta da hannunku, ku sa ranar da kuka rubuta. In akwai tsofaffin takardu a gida, ku ɗaga su daga ƙasa, ku nisanta su da ruwa da wuta.

AIKI DA TAMBAYOYI

1. Ku zana hatimi mai gida tara, ku cika shi da lambobi daga 2 zuwa 10. Kowane layi ya ba da 18. Wace lamba ce za ta zauna tsakiya, kuma don me?
2. Ku auna kusurwar ɗakinku da kamu 3 da 4 da 5. Ta tsaya daidai?
3. Ku samu kwano biyu masu girma ɗaya, ɗaya baƙi ɗaya fari. Ku zuba ruwa daidai, ku aje a rana daga hantsi zuwa azahar. Wanne ya fi zafi?
4. Don me masu tattara tarihi ba su tsayawa ga dattijo ɗaya?
5. Wane dattijo ko wace tsohuwa ce a garinku ya kamata a rubuta abin da suka sani tun bana?

Ku tattauna waɗannan tsakaninku, ku kawo amsoshinku wurin malaminku. Nan za mu dakata.